Muhawara: Me ya sa Amurka ta ajiye SR-71 ta bar U-2 yana aiki?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da jiragen leƙen asirin Amurka, kuma na ga ya dace in ajiye ta a gabanku, tun da a cikinmu akwai waɗanda suka yi aikin soja da waɗanda suka san injin jirgi ciki da waje. Jirage biyu ne suka fi yin suna a wannan fage a zamanin Yaƙin Cacar Baka, kuma dukansu sun fito ne daga sashe ɗaya na kamfanin Lockheed, a ƙarƙashin injiniya Kelly Johnson. Wan shi ne U-2, wanda ya fara tashi a watan Agustan 1955 a wani keɓaɓɓen fili da ke hamadar Nebada. Ƙanensa SR-71 ya fara tashi ranar 22 ga Disamban 1964, ya kama aiki a Janairun 1966, kuma an ƙera shi ne domin ya shiga inda wansa ba ya iya shiga ya fito lafiya.

Ga abin da ke ɗaure mini kai. SR-71 yana gudun da ya ninka na sauti sau uku, yana hawa sama da ƙafa 80,000, an ƙera guda 32, an yi asarar 12 a haɗurra, amma babu ko ɗaya da makamin abokan gaba ya taɓa kakkaɓowa. U-2 kuwa an harbo shi a Tarayyar Sobiyet a 1960, an harbo shi a Kyuba a 1962, an kuma harbo guda biyar a sararin ƙasar Sin. Duk da haka SR-71 aka ajiye a Janairun 1990, aka ɗan farfaɗo da shi a 1995, aka sake ajiye shi a 1998, alhali U-2 bai daina aiki ba, har shi aka tura ya bi balan-balan ɗin ƙasar Sin da ya ratsa Amurka a Fabrairun 2023. Ra'ayina shi ne an tafka kuskure, domin an yar da mai ƙarfi an riƙe mai rauni. Ina sauraron masu saɓanin fahimta.

Injiniya:
Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Ina ganin matsalar tana wajen auna jirgi da jirgi, domin abin da gwamnati take biya ayari ne gaba ɗaya, kuma ayarin SR-71 yana da nauyin da ba a gani a hotuna. Gogayya da iska a irin wannan gudu tana zafafa jikin jirgin matuƙa, shi ya sa aka ƙera yawancinsa da ƙarfen titaniyam, wanda aka sayo kaso mai yawa daga ita kanta Tarayyar Sobiyet ta hannun kamfanonin bogi. Tun da ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, sai aka bar 'yan giɓi a mahaɗansa, saboda haka idan jirgin yana ƙasa mai yana ɗiga daga jikinsa, sai ya hau sama ya yi zafi sannan ya matse. Man da yake sha, JP-7, nasa ne na musamman, kuma ba ya kamawa da wuta da sauƙi, sai an fesa wani sinadari da ke cin wuta da zarar ya haɗu da iska. Dole ne kuma a ware masa jiragen dakon mai samfurin KC-135Q, a jibge su tare da ma'aikatansu a duk hanyar da zai bi, domin a al'ada yakan tashi da tankin da bai cika ba ya sha mai a sama. Idan ya sauka, makanikai sukan ɗauki dogon lokaci suna bin jikinsa kafin a yarda ya sake tashi.

Sannan ga abin da ya fi wannan muhimmanci a wajena. A kusan dukan shekarun aikinsa, SR-71 ba ya aiko da hoto kai tsaye daga sama. Sai ya sauka, a ciro fim da faifai, a wanke, a tantance, sannan a aika wa masu buƙata. U-2 kuwa an ɗora masa na'urar da ke turo abin da ya gani zuwa ƙasa yana cikin tafiya, kuma yana iya shawagi sa'o'i goma ko fiye yana kallon yanki ɗaya, yana kuma sauraron saƙonnin rediyo da na rada. Shi SR-71 wucewa yake yi kamar walƙiya.

Ɗan Autan Zaure:
Gafara dai iyayena, ina da tambaya ta neman ƙarin sani. Shin U-2 da yake tashi yanzu shi ne ainihin wanda aka ƙera a 1955? Ta yaya jikin jirgi zai jure aiki tsawon waɗannan shekaru?

Injiniya:
Tambayarka ta yi kyau, ƙanena, kuma amsarta tana cikin zuciyar wannan muhawara. Ba shi ba ne. A 1967 aka fito da U-2R, wanda ya fi na farko girma da kusan kashi 40 cikin ɗari, yana ɗaukar mai da kayan aiki fiye da shi nesa ba kusa ba. Daga nan aka sake buɗe ƙira, sabon samfuri mai suna TR-1 ya fara tashi a 1981, aka ci gaba da ƙerawa har 1989. A shekarun 1990 aka sauya musu inji da F118 na kamfanin General Electric, aka koma kiransu U-2S. Jimillar da aka ƙera tun daga farko 104 ce, kuma yawancin masu aiki a yau 'yan shekarun 1980 ne. An tsara hancinsa da akwatunan da ke fikafikansa yadda za a cire wannan na'ura a saka waccan gwargwadon aikin da ke gaba. SR-71 bai sami wannan gata ba, domin a 1968 sakataren tsaro Robert McNamara ya ba da umarnin lalata kayan da ake ƙera shi da su, don haka guda 32 ɗin nan su ne farko su ne ƙarshe.

Malamin Tarihi:
Na gode, Injiniya, kuma ban musa tsadar ba. Amma mu tuna dalilin da ya sa aka yarda a kashe wannan kuɗi tun farko. U-2 ya fara ratsa Tarayyar Sobiyet ranar 4 ga Yulin 1956 daga Wiesbaden a Jamus ta Yamma, washegari ya bi ta kan Mosko, kuma tun daga tafiyar farko radar Sobiyet ta gan shi, hannunsu ne kawai bai kai ba. Sau 24 aka yi irin wannan kutse. Na ƙarshe shi ne na 1 ga Mayun 1960, lokacin da Francis Gary Powers ya tashi daga Peshawar a Pakistan da nufin ratsa ƙasar baki ɗaya ya sauka a Nowe, makami mai linzami samfurin S-75 ya kakkaɓo shi kusa da Sverdlovsk. Amurka ta ce jirgin binciken yanayi ne na hukumar NASA da ya ɓace hanya, sai shugaban Sobiyet Khrushchev ya bari suka gama rantsuwa sannan ya bayyana cewa matuƙin yana raye kuma fim ɗin yana hannunsa. Taron ƙolin Faris na wannan wata ya wargaje a kan haka. Tun daga ranar kowa ya san U-2 ba ya iya tunkarar ƙasar da ke da kariyar sama ta zamani.

Ku dubi abin da SR-71 ya yi a madadinsa. Ya fara aikin yaƙi ranar 21 ga Maris 1968 daga sansanin Kadena a tsibirin Okinawa, ya yi ta ratsa Biyetnam ta Arewa ana harba masa makamai suna faɗuwa a bayansa. A yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973 ya tashi daga jihar New York, ya ƙetare teku, ya ɗauki hotunan fagen daga, ya koma Amurka bai sauka a ƙasar kowa ba. A Agustan 1981 Koriya ta Arewa ta harba masa makami ta kuskure. A Afrilun 1986 shi aka tura daga Mildenhall a Ingila ya duba ɓarnar da harin Amurka ya yi a Libiya. A cikin waɗannan ayyuka, wanne ne za a iya damƙa wa U-2 hankali kwance?

Kawu Mai Ritaya:
Malam, ka yi haƙuri in sa baki a matsayin wanda ya ci kakin soja. Ka lura cewa a jerin da ka kawo babu Tarayyar Sobiyet, wadda dominta aka ƙera jirgin. Bayan abin da ya sami Powers, shugabannin Amurka ba su sake amincewa jirgi mai matuƙi ya kutsa cikin ƙasar ba, don haka SR-71 gefe-gefe yake bi, ta tekun Baltik da tekun Barents, yana leƙawa daga bakin iyaka. Wanda ya gaji U-2 a wancan babban aiki tauraron ɗan'adam ne. A watan Agustan 1960, wata uku da rabi bayan faɗuwar Powers, shirin taurarin leƙen asiri na Amurka mai suna Corona ya dawo da fim ɗinsa na farko daga sararin samaniya, kuma wannan fim ɗaya ya ɗauki faɗin ƙasar Sobiyet fiye da dukan tafiye-tafiyen U-2 a haɗe. A Disamban 1976 aka harba KH-11, wanda yake aiko da hoto ta na'ura ba tare da fim ba.

Ta haka SR-71 ya tsinci kansa a tsakiya: taurari sun karɓe masa kallon nesa, U-2 ya riƙe kallon fagen daga. Kwamanda a filin yaƙi yana son ya san inda abokin gaba yake a wannan sa'a, kuma hoton jiya, komai kyansa, ba ya hana a yi wa yaransa kwanton ɓauna yau. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, U-2 ne ya riƙa tashi daga Ɗa'ifa a Saudiyya yana turo wa sojojin ƙasa bayanai, bayan yaƙin kuma shi ya yi ta shawagi a kan Iraƙi da sunan masu binciken makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Hajiya Malama:
Assalamu alaikum. Na karanta dukan bayananku, Allah ya saka da alheri, amma na ga ana lissafin jirage ba a lissafin mutanen da ke cikinsu. Malam ya ce an harbo U-2 biyar a ƙasar Sin, bai faɗi su wa ke tuƙa su ba. Ba Amurkawa ba ne. Matuƙan Taiwan ne na runduna ta 35, wadda ake yi wa laƙabi da Baƙar Kyanwa, da suka yi wa hukumar CIA wannan aiki daga farkon shekarun 1960 zuwa 1974, domin Amurka ta iya cewa babu ruwanta idan abu ya ɓaci. An harbo na farko a Satumban 1962. A cikin biyar ɗin uku sun mutu, biyu kuma, Yeh Chang-ti da Chang Li-yi, an kama su, ba a sake su ba sai 1982, kuma ko da aka sake su gwamnatinsu ba ta karɓe su ba, suka zauna a Amurka har 1990 kafin a bar su su koma gida. Powers kuwa bai cika shekara biyu a tsare ba aka yi musayarsa da ɗan leƙen asirin Sobiyet Rudolf Abel a kan gadar Glienicke a Jamus a Fabrairun 1962.

Haka kuma ƙasashen da suka ba da aron filayensu. Bayan abin da ya faru a 1960, Khrushchev ya yi barazanar kai hari kan sansanonin da jiragen ke tashi a Pakistan da Turkiyya da Nowe, alhali talakawan waɗannan ƙasashe ba su san abin da ake yi a bayan gidajensu ba. A ganina tarihin aikin waɗannan jirage bai cika ba idan ba a saka wannan a ma'auni ba.

Malamin Tarihi:
Hajiya, kin yi gaskiya, kuma na karɓi gyara game da matuƙan Taiwan, domin haƙƙinsu ne a ambace su. Sai dai maganarki tana ƙarfafa tawa ta wani gefe, tun da a dukan tarihin SR-71 mutum ɗaya ne ya rasa ransa a cikinsa, Jim Zwayer, a gwajin Janairun 1966. Jirgin da ba a iya harbowa ba ya mayar da mata zawarawa. Game da keta iyakar ƙasashe kuwa, ba na wanke Amurka, kuma ko ƙawayenta ba su tsira ba, domin a rikicin mashigin Suez na 1956 U-2 ya leƙi shirye-shiryen Birtaniya da Faransa. Amma adalci ne a faɗi cewa hotunan sun sha kwantar da hankula. A tsakiyar shekarun 1950 ana ta kururuwa a Washington cewa Sobiyet ta fi Amurka yawan manyan jiragen jefa bam, sai hotunan U-2 suka nuna wa Shugaba Eisenhower cewa ba haka ba ne. A 1962 ma hotunan da Manjo Richard Heyser ya ɗauko ranar 14 ga Oktoba a San Cristóbal ne suka tona asirin makaman nukiliyar da Sobiyet ta kai Kyuba tun ba a gama kafa su ba, abin da ya ba Shugaba Kennedy sararin yin shawara.

Hajiya Malama:
Malam, kada mu tsaya a 14 ga wata, mu ƙarasa zuwa 27. A wannan rana aka harbo Manjo Rudolf Anderson a kan Kyuba ya mutu, kuma a ranar ce wani U-2 da Kyaftin Charles Maultsby ke tuƙawa ya ɓace hanya daga yankin ƙanƙarar arewa ya faɗa sararin Sobiyet ta Chukotka, jiragen yaƙin ɓangarorin biyu suka tashi. Jirgin da ya ba da sararin shawara shi ne ya kusa jawo yaƙin nukiliya sau biyu a yini ɗaya.

Kawu Mai Ritaya:
Hajiya ta kawo hujja mai nauyi. Bari in mayar da mu kan tambayar Malam, domin akwai ɓangaren siyasar kasafin kuɗi da ba a taɓo ba. Kuɗin SR-71 daga aljihun rundunar sojin sama yake fita, amma yawancin masu cin moriyar bayanansa wasu ne daban, wato hukumomin leƙen asiri da sojin ruwa. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san makomar kayan da wani ke biya wani ke mora. A ƙarshen shekarun 1980 shugabannin rundunar, ciki har da babban hafsanta Janar Larry Welch, suna neman kuɗin sababbin jirage irin su B-2, kuma ba su ga dalilin ci gaba da ɗaukar wannan kaya ba.

Malamin Tarihi:
To ai Kawu ka faɗi abin da nake nufi. Idan rigimar aljihu ce ta kashe shi, ba gazawa ba, to kuskuren yana nan. Tauraron ɗan'adam yana da lokacin wucewa sananne, kuma duk mai abin ɓoyewa yana iya lissafa sa'ar ya rufe kayansa, amma SR-71 yana zuwa ne ta inda ba a zata ba a lokacin da ba a zata ba. Ita kanta majalisar dokokin Amurka ta ga wannan giɓi, shi ya sa a 1994, ana tsakiyar zaman ɗarɗar da Koriya ta Arewa da yaƙin Bosniya, ta ware dala miliyan 100 domin a dawo da shi.

Injiniya:
Haka ne, Malam, amma mu bi labarin zuwa ƙarshensa. Jiragen aiki biyu kacal aka dawo da su, aka ɗora musu na'urar turo hoton rada kai tsaye, wadda ta zo a makare da shekaru masu yawa, kuma rundunar ba ta tura su aikin leƙen asiri na zahiri ba har Shugaba Clinton ya soke kuɗinsu a Oktoban 1997. Hukumar NASA ce ta yi tashin ƙarshe ranar 9 ga Oktoban 1999. Jirage biyu ba runduna ba ne, musamman idan babu masana'antar da ke ƙera kayan gyaransu. Ka kwatanta da U-2: tun daga 2006 ake sanar da ranar ajiye shi domin jirgi mara matuƙi Global Hawk ya gaje shi, ana ɗagawa, saboda U-2 yana hawa sama da shi, yana ɗaukar kaya fiye da shi, kuma duk sabuwar na'urar da aka ƙirƙiro ana samun inda za a maƙala masa ita. Ba jirgi ne mai sauƙi ba, domin a can ƙafa 70,000 tazarar da ke tsakanin gudun da zai sa ya faɗo da wanda zai lalata shi kaɗan ce, kuma wajen sauka sai wani matuƙi ya bi shi a baya da mota yana faɗa masa sauran ƙafa nawa ya taɓa ƙasa. Amma wahalarsa a kan matuƙi take, ta SR-71 kuwa a kan baitulmali.

Malamin Tarihi:
Injiniya, na sake karanta amsar da ka ba ɗanmu a sama, kuma ina ganin a nan ne zan gyara matsayina. Na shigo ina ɗora laifin a kan shawarar 1990, amma zuwa lokacin SR-71 ya riga ya zama maraya: adadinsa yana raguwa, ba a ƙera sabo, ba a kuma ba shi na'urar aika hoto ba lokacin da aka ba wansa. U-2 an sake haihuwarsa sau biyu, a 1967 da 1981, shi kuwa an rufe masa wannan ƙofa yana da shekara biyu da kama aiki. Saboda haka har yanzu ina cewa an yi kuskure, sai dai a 1968 aka yi shi, ranar da aka ba da umarnin lalata kayan ƙirarsa. Jirgin da ya tashi daga Los Angeles zuwa Washington cikin minti 64 ranar 6 ga Maris 1990, a kan hanyarsa ta zuwa gidan tarihi, ba tsufa ne ya kai shi can ba.

Injiniya:
A kan 1968 ba ni da ja, Malam. Abin da zan ƙara kawai shi ne a wannan shekarar ce aka ajiye A-12, jirgin leƙen asiri mai kama da SR-71 na hukumar CIA, wanda ya riga SR-71 tashi tun Afrilun 1962 kuma ya fi shi sauƙin nauyi, bayan ya yi aiki 29 kacal daga Kadena, ciki har da gano jirgin ruwan Amurka mai suna Pueblo da Koriya ta Arewa ta kama a Janairun wannan shekara. Dalilin da aka bayar shi ne ba za a iya ɗaukar nauyin runduna biyu masu aiki iri ɗaya ba, kuma SR-71 ne ya ci gajiyar wannan hujja a lokacin, kafin a juyo da ita kansa bayan shekara ashirin da biyu.